Shirun Ginshiƙi

Kwana biyu ke nan Auta tana kuka, kuma ba ta iya shi ba. Akwai matan da kuka ke yi wa kyau. Ita hancinta ne ke kumbura, ta riƙa jan numfashi kamar famfon da iska ta shiga. Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, shekararta ashirin da shida, kullum tana soka wa ƙarti allura ba ta ƙifta ido. Amma ga ta zaune a matakalar bene, tsakanin shagon mahaifinta da ke ƙasa da ɗakunansu na sama, ta cusa kai cikin gwiwa saboda wani mutum da bai taɓa rayuwa ba.

Sunan mutumin Ginshiƙi. Jarumin littafin zane ne, cikin masu rufe fuska da ƙarfe, wanda in gini ko gada za ta rushe sai ya sa kafaɗa ya tokare har mutane su fice. Baban Auta, mai gyaran agogo, ya tara littattafansa saba'in da uku cikin shekara arba'in, kowanne a ledarsa, a kabad ɗin da ya fi na tufafinsa tsabta.

Bara aka mayar da labarin fim. Bana aka fassara fim ɗin aka ɗora masa murya. Shekaranjiya kuma saurayin Auta ya zo gaishe da Baba karo na farko.

Ya yi wanka, ya goge riga, ya haddace abin da zai faɗa. Abu ɗaya ne ya kamata ya bari a gida bai bari ba, wato muryarsa.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da aiki."

Baba yana sunkuye a kan wani agogon hannu, da gilashin nan na ido ɗaya a maƙale. Bai ɗago ba. Matsefatar da ke hannunsa ce ta tsaya cak.

"Sake faɗa."

"Na ce barka da aiki, Baba."

"Ce min, 'Ku fice, ƙarfina ya kusa ƙarewa.'"

Saurayin, wanda abokan aikinsa ke kira Zaƙi saboda muryar tasa, ya ɗauka abin arziki ne ya zo. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji, ya faɗa da dukan ƙarfinsa har agogunan bango suka amsa.

Baba ya cire gilashin, ya ajiye a hankali.

"To, ashe kai ne. Wata huɗu ina son in ga fuskarka. Na gani. Ƙofar da ka shigo tana nan inda ka bar ta."

*

Ga laifin, don kada a ce an kori yaro a banza.

A littafi na arba'in da ɗaya, Ginshiƙi ya tokare gadar jirgin ƙasa har jirgin ya wuce. Matuƙiyar jirgin, wadda ke son sa tun littafi na tara, ta sauko ta tsaya gabansa ta ce, "Kada ka tafi." Mai zane ya ba shi hoto uku bai sa masa kalma ko ɗaya ba. A na huɗu ya juya baya. Ba su sake haɗuwa ba.

Daraktan fim ɗin ya yi ɓarna son ransa. Ya mayar da shuɗiyar rigar jarumin rawaya, ya kashe masa uwa tun minti na biyar don a ji tausayinsa, ya ƙirƙiro masa wani kare mai barkwanci. Amma ko shi, duk da rashin kunyarsa, bai taɓa shirun nan ba. Daƙiƙa goma sha ɗaya cif. Baba ya auna da agogo uku.

Sai fassara ta fito. A daidai wurin, daga bayan ƙarfen da ya rufe bakin Ginshiƙi, wata murya mai zaƙi ta ce:

"Gada na iya riƙewa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da ke za ki faɗi, in kai hannu in kasa."

Ran nan Baba ya kashe talabijin, ya rufe shago da tsakar rana, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba.

A kwana na uku Auta ta share hanci ta sauko shago. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta riga ta iso, domin labarin ɓacin rai ba ya kwana bai same ta ba. A tsaye take. Akwai kujera mai matashi kusa da teburin aiki, amma wani tsohon agogon bango ne kwance a kanta, shekara huɗu ke nan, tun rasuwar maman Auta. Kowa ya san ba a ɗaga shi.

"Baba," in ji Auta, "fim ne fa."

"Fim ne. Ita ma ƙarya ai magana ce kawai."

"Aikinsa ne. An ba shi, ya yi."

"An ba shi ya fassara abin da aka faɗa. Wa ya aike shi fassara abin da ba a faɗa ba? Ginshiƙi ya tafi ne don gari na bukatarsa, kuma ya san duk macen da ya zauna da ita, da ita maƙiyansa za su fara. Ya haɗiye son ya wuce. Wannan shi ne mutum. Sai wani aku ya zo ya mayar min da shi matsoraci cikin daƙiƙa goma sha ɗaya."

"Ni ba Ginshiƙi zan aura ba, Baba."

"Shi ya sa nake duba miki. Mutumin da zai ga bakin wani a rufe ya cusa masa magana, gobe ke zai yi wa. Ki yi shiru don kin gaji, ya fassara ki."

Hawayen suka dawo, hancin ya ci gaba da aikinsa.

"Shekara biyu muna tare bai taɓa ɗaga min murya ba. Lokacin da aka kwantar da kai asibiti, wa kake tsammani ya riƙa kai ni yana dawo da ni kwana shida? Yana tsaye a waje cikin rana, don na ce lokacin nuna shi bai yi ba. Kai ka koya min in zaɓi mutum don halinsa. Na zaɓa. Yanzu ka ce saboda wani ɗan zane..."

"Ɗan zane!" Baba ya dubi Gwaggo kamar mai neman shaida.

Gwaggo ta gyara ɗaurin jakarta a kafaɗa. Damar da take jira ke nan.

"Yaya, ni tun farko na faɗa. Me ake da mai sana'ar magana da bakin mutane? Yau shi ne jarumi, gobe ɓarawo, jibi tsohuwa. Ta ina za ki san da wa kike zaune? Ga ɗan ƙawata nan, likitan haƙori, yaro mai ladabi. Ka nuna masa ƙuda ka ce giwa ce, zai ce lallai ga haure."

"Gwaggo, sau ɗaya muka zauna, rabin hirar leƙen bakina yake yi."

"Ai kulawa ce, 'yar nan."

Baba ya mayar da gilashi ido, alamar an kusa rufe shari'a.

"Ki gaya wa akun naki. Ya mayar wa mutumin shirunsa. Ya zo ranar Asabar gaban 'yan majalisar shagon nan, ya kunna mu gani, ya ce da bakinsa ya yi kuskure. In ya yi, sai in duba."

"In bai yi ba fa?"

"Likita ma zai zo Asabar ɗin," in ji Gwaggo. "Da motarsa."

*

Situdiyon su Zaƙi ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon gyaran waya. An manna katifu a bango, an toshe taga da bargo. Fanka kullum a kashe take don kada makirfo ya ɗauki ƙararta, saboda haka duk jarumin da ka ji yana ceton duniya da murya mai kwarjini, a singileti ya cece ta, yana gumi.

Auta ta same shi da na'urar sauraro a kunne. Da ya ga idonta, sai ya gaishe ta da muryar karen fim ɗin.

"Kada ka fara," ta ce. Amma sai da bakinta ya motsa.

Ta faɗa masa sharaɗin. Ya cire abin kunnen ya rataya a wuya.

"Kin san yadda aka yi, ko? Oga, mai situdiyon nan, yana da doka. Shiru kada ya wuce daƙiƙa biyar. In ya wuce, mutane su ce fim ya lalace, su fara dukan talabijin. Kuma jarumin da ya rufe baki shi ne garaɓasar mai fassara, babu leɓen da za ka bi, fili ne a buɗe. Oga ya ce in sa wani abu, ko da 'sai wata rana' ne. Sau sittin na kalli wurin nan. Kamar Ginshiƙi a ce ya bar mace a bakin gada da 'sai wata rana'? Sai na tuna abin da kika ce Mama tana faɗa."

"Abin da ya hana ni barci ke nan."

Ta zauna a kan wani akwatin lasifika.

"Shekara ashirin da shida suna wannan gardamar. Wajen karin kumallo, a cikin mota, har a gadon asibiti. Shi ya ce sadaukarwa, ita ta ce tsoro. Sai ta ce, 'Jarumin naka ya iya gada, mace ɗaya ta gagare shi.' Shi kuma ya yi fushi ya sauko shago, bayan awa ɗaya ta biyo shi da shayi su ɗora daga inda suka tsaya. Tun da ta rasu ba wanda ya sake ce masa tsoro."

"To ki gaya masa maganarta ce."

"In ce masa na ɗauki maganar matarsa na ba saurayina, ya sa a fim duk gari na ji? Kana so ya haɗa ni da kai ya kora?"

Ta kama gefen teburin da hannu biyu.

"Don Allah ka ce ka yi kuskure. Kalma uku ce. Kai da kake faɗin maganar mutane dubu a rana."

"Waɗannan na wasu ne, Auta. Wannan da bakina zan faɗa."

"To ka zaɓa. Ni ko Ginshiƙi? Don wallahi na gaji. A gida Ginshiƙi, a nan Ginshiƙi. Gwaggo ta fara tambayata launin labulen da nake so. Ka san me ake nufi in Gwaggo ta kai ga labule? Ni ba na son in ƙare rayuwata da mutumin da in na yi dariya yake ƙirga min haƙora."

Kukan ya ƙwace mata. Zaƙi ya laluba aljihu bai sami hankici ba, ya miƙa mata ƙyallen da suke rufe makirfo da shi.

"Ke," ya ce. "Ko da Ginshiƙi goma ne."

Ya jawo fim ɗin a kwamfuta, ya nemo wurin, ya goge muryarsa. Layin da ke tsalle-tsalle a ƙasan allo ya kwanta ya miƙe. Sai ya tsayar da hoton, ya daɗe yana kallon wani wuri can gefen hagu.

"Me kake kallo?"

"Ba komai," ya ce, da muryar da ba ta ɗaya daga cikin jarumansa ba ce.

*

Majalisar Asabar takan zauna da hantsi a kan bencin cikin shago. Mambobinta na dindindin biyu ne, mai askin da ke maƙwabtaka da mai kemis na tsallaken titi. Yau an sami ƙari. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa kamar mai karɓar tikiti, Auta na kan matakala ta uku inda ake ganin komai.

An riga an fara.

"Ni dai karen nan shi ne fim ɗin," in ji mai aski. "Ka cire kare, me ya rage? Ƙato yana ɗaukar siminti."

"Kai da ba ka karanta ko littafi ɗaya ba."

"Na ga hotunan. Shafi arba'in mutum yana tsaye a kan rufi yana tunani. Wa zai zauna awa biyu yana kallon tunani?"

"Abin da ban gane ba," in ji mai kemis, "me ya sa suka kashe uwar? A littafi tana nan da ranta, har tana yi masa faɗa a kan ƙin cin abinci."

"Don darakta bai yarda mutum zai iya yin alheri haka kawai ba," in ji Baba. "Sai an kashe masa wani tukuna. A littafi, Ginshiƙi magini ne. Ya ga gini na faɗuwa, ya san akwai mutane a ciki, ya sa kafaɗa. Shi ke nan dalilin. Su kuma 'yan fim suna ganin wanda uwarsa ke raye ba shi da hujjar taimakon kowa."

Ana cikin haka mota ta tsaya a waje. Likita ya shigo da murmushin da ya kashe wa kansa lokaci a kai. Ya yi shiri na musamman. A ƙarƙashin kwat ɗinsa akwai sabuwar riga mai hoton Ginshiƙi, rawaya shar.

Mai kemis ya sunkuyar da kai. Mai aski ya fara tari.

"Wannan wane ne a ƙirjinka?" in ji Baba.

"Jaruminka ne, Baba."

"Jarumina shuɗi yake sawa. Wannan ban san shi ba. Zauna."

Likita ya nufi kujera mai matashi. Mutum huɗu suka ce "A'a!" a tare. Ya koma benci.

"To, Likita. Ka ga fim ɗin?"

"Sau biyu, Baba, saboda kai."

"Me ya sa Ginshiƙi ya bar matuƙiyar jirgi?"

"Ai... kai me ka gani, Baba?"

"Na ce sadaukarwa ce."

"Ƙwarai kuwa. Sadaukarwa tsantsa. Har na ce a raina, wannan sadaukarwa ce."

"Ko kuwa dai tsoro ne?"

"To, gaskiya in aka duba da kyau, akwai tsoro a ciki."

"Wanne ne?"

"Duk wanda ka ce, Baba."

"Kai ba ka ga komai da idonka ba?"

Likita ya yi tunani da gaske.

"Na lura mugun fim ɗin yana da rami a turmin hagu na ƙasa. In ya yi dariya ana gani."

"Kun ji ilimi," in ji Gwaggo.

Daidai nan Zaƙi ya yi sallama, a hankali, kamar mai tsoron muryarsa ta riga shi shiga. Ya durƙusa ya gaishe da kowa. Ya jona waya da ƙaramin talabijin ɗin da ke saman kabad.

Gada. Jirgi ya wuce. Matuƙiya ta sauko. "Kada ka tafi."

Sai shiru. Baba ya ɗaga hannu yana duban agogo. Mai aski, saboda sabo, ya ɗan miƙa hannu zai bugi talabijin ɗin, mai kemis ya riƙe shi. Goma sha ɗaya. Ginshiƙi ya juya baya.

Baba ya sauke numfashi.

"Kun gani? Wannan shi ne mutum. Dubi tsayuwarsa. Ko gezau. Ya yanke hukunci tun kafin ta buɗe baki, ba tsoro, ba shakka. To, malam aku, saura kalmarka."

Zaƙi ya dubi Auta. Ta haɗa hannu biyu a ƙirji.

"Baba, na yi kuskure. Bai kamata in sa masa magana ba. Shirunsa nasa ne."

"Madalla."

Auta ta rufe ido tana godiya. Gwaggo ta taɓe baki. Da a nan ya tsaya, da an tashi lafiya. Amma masu son labari da gaske ba su san inda ake tsayawa ba, shi ya sa yawancinsu ba su da abokai da yawa.

"Amma, Baba... ba ka da gaskiya."

*

Mai kemis ya ce daga baya ya ji kamar agogunan bango ma sun ja numfashi.

"Na'am?" in ji Baba.

"Kuskurena shi ne faɗa da na yi. Amma abin da na faɗa haka yake. Tsoro ne."

"Wayyo ni," in ji Auta daga matakala.

"A mayar baya kaɗan. A bar fuska, ba abin gani a ƙarfe. A dubi hannun hagu." Ya tsayar da hoton, ya sa yatsa. "Sau sittin na kalli wurin nan ina neman inda zan sa numfashi. Hannun da ya riƙe gada minti huɗu bai motsa ba, ga shi yana rawa gaban mace ɗaya. Wanda ya yanke hukunci hannunsa ba ya rawa, Baba."

Aka matsa. Lallai yana rawa.

"Kai, wallahi yana yi," in ji mai aski.

"Gaskiya akwai rawa," in ji Likita. Ya dubi fuskar Baba. "Amma kaɗan."

"Ƙarin darakta ne," in ji Baba. "Mutumin da ya ƙirƙiro kare, rawar hannu za ta gagare shi?"

"Ban taɓa ganin littafin ba," in ji Zaƙi, "amma ban yarda daraktan nan yana da wannan basirar ba. A wurin mai zane ya gani."

"Babu."

"To a ɗauko littafin mana," in ji mai aski. "Ga kabad nan."

"Ba a buɗe na arba'in da ɗaya."

"Tun yaushe?"

Baba ya kawar da kai. Auta ta san tun yaushe: tun rasuwar mamanta.

Ya daɗe yana duban kabad ɗin. Sannan ya tashi, ya wanke hannu a ɗan kwanon da ke ƙarƙashin tebur, ya goge, ya zaro littafin daga leda. Bai nemi shafin ba, littafin da kansa ya buɗe a wurin.

Hoto uku, ba kalma. A na biyu, gefen hannun hagu, akwai wasu 'yan layuka uku sirara kamar gashin ido. Kuma wani ya kewaye su da fensir. A cikin littafi saba'in da uku, nan kaɗai fensir ya taɓa sauka.

"Kuskuren injin bugawa ne," in ji Baba. Muryar ba ta fito da ƙarfi ba. "Shekara ashirin da shida ina gaya wa matata kuskuren inji ne. Ranar da ta yi min wannan zanen, kwana biyu ban yi mata magana ba. Ita kuwa ko a jikinta, har waƙa take yi tana shara."

Auta ta sauko matakala.

"Baba, maganar da ya sa a fim... ni na..."

"Na san mai ita. Kina tsammani ban san maganar matata ba? Wata huɗu ina jin ta a bakin ƙato. In shiga shagon aski, ita. In wuce mai gyaran waya, ita. Ta mutu ma sai da ta samo lasifika."

Ya yi dariya guda ɗaya, gajera. Daga nan ya yi shiru, idonsa a kan da'irar fensir, yatsansa a gefenta bai taɓa ta ba.

Mutane suna zaton abin da namiji ke rasawa in matarsa ta rasu shi ne mai goya masa baya. Ba haka ba ne. Masu cewa "haka ne" sun cika gari, wasu har da mota. Wanda zai ce maka ba ka da gaskiya yana zuba maka shayi, shi ne in ya tafi ba a samun madadinsa.

Shirun ya yi tsawo. Auta ta sami kanta tana bin jan hannun babban agogon bango. Huɗu. Biyar.

Likita ya gyara murya. "Gaskiya, Baba, inji yakan yi irin wannan..." Mai kemis ya take masa ƙafa.

Bakwai. Takwas. Gwaggo ta buɗe baki, ta dubi fuskar yayanta, ta rufe.

Zaƙi yana tsaye, hannu a baya. Mutumin da aka horar kada ya bar shiru ya wuce biyar. Auta tana ganin maƙogwaronsa na hawa da sauka, maganganu sun yi layi suna neman hanya. Bai bar ko ɗaya ta fito ba.

Goma. Goma sha ɗaya. Goma sha biyu.

Baba ya rufe littafin. Ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau.

"Ashe ka iya."

"Da ƙyar, Baba."

"Kuma har yanzu ba ka da gaskiya. Rawar hannu gajiya ce. Ka taɓa ɗaukar gada?"

"Ban taɓa ba. Amma in gajiya ce, me ya hana na dama rawa?"

"Da dama yake cin abinci, ya fi ƙarfi."

"A fim bahago ne."

"A fim! Ka ji shi, a fim! A littafi na goma sha bakwai da wane hannu ya riƙe cokalin siminti?"

"Ban karanta ba."

"Bai karanta ba, yana gardama! Kai, wane irin..."

Baba ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai neman inda zai ajiye wannan bala'in. Benci a cike yake. Sai ya sunkuya, ya ɗauki tsohon agogon bangon nan da hannu biyu, ya jingine shi da bango. Ya kakkaɓe matashin sau biyu. Ƙurar shekara huɗu ta tashi, Likita ya yi atishawa.

"Zauna. Ba na gardama da mutum a tsaye."

Zaƙi ya dubi Auta. Hancinta ya riga ya fara kumbura, amma dariya take yi. Ya zauna a bakin kujerar kamar mai tsoron kada ta fashe.

"Yaya," in ji Gwaggo, "Likita fa?"

"Likita ya yarda da ni. Me kuma zan yi da shi?" Baba ya zaro littafi na ɗaya daga leda. "Wanke hannu. Za ka fara daga nan, biyu a mako, a nan za ka karanta, ba ya fita shagon nan. Asabar mai zuwa ka zo min da mahaifinka, in ji ko taurin kan nan gado ne."

Mai aski ya ƙirga da yatsu. "Saba'in da uku, biyu a mako. Wata tara ke nan fa."

"Wa ya ce sai ya gama? Uwarta ma a na tara ta tsaya ta fara raina min jarumi, kuma na aure ta." Ya juya wajen matakala. "Ke kuma kin tsaya kina kallon mutane. Kawo shayi. Kofi biyu."